Littafin da Yake Ɗakinki Duk Tsawon Shari'ar

Cheras, Kuala Lumpur

Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata takardar nan ta same ki lafiya, gajiyar jirgi ta sake ki, cikinki kuma ya fara sabawa da ruwan Zariya. Allah ya tsare ki a hanyar sansanin hidimar ƙasa, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya kau da idon mugu daga kanki. Ki gaishe mini da kakanki Malam Isiyaku gaisuwar girma. Ki durƙusa har ƙasa, ba irin rusunawar nan taki ta rabi da rabi ba.

Na san za ki ce me ya hana ni kira. Waya ba ta yi mini. In na kira, sai in tambaye ki ko kin ci abinci, ki ce "dah makan, Baba", wato kin ci, in ce madalla, mu yi shiru har ɗayanmu ya tausaya wa ɗaya ya kashe. Shi ya sa na rubuta, zan ba wani ɗalibi mai komawa gida ya kawo miki. Kwana biyar ke nan da tafiyarki. Gidan ya yi mini faɗi. Jiya na sauka wajen mamak ɗin ƙasan bene, mai sayar da abincin nan, na ce a tapau mini, wato a ƙunsa mini, shinkafa biyu, sai da na hawo na buɗe ƙofa sannan na tuna. Ta biyun tana firji.

Ba labarin gari zan ba ki ba. Zan gaya miki kurakuraina ne a kan zanen mahaifiyarki da shari'ar da na yi da kamfanin nan na Amurka, domin abin ya dawo hannunki yanzu, lokaci kuma yana tafiya.

Kin san mun zo ƙasar nan kina goye, gwamnati ta turo ni karatun digiri na uku a Lembah Pantai. Ni ina ɗakin karatu, mahaifiyarki tana gida, ba ta jin harshen kowa. Kak Nor, maƙwabciyarmu mai shagon yadi, ita ta fara ƙwanƙwasa mata ƙofa, ta koya mata zanen batik, yadda ake narka kaki a zana a kan ƙyalle kafin a rina. Mahaifiyarki kuwa a gindin tabarmar mai ɗinkin babbar riga ta tashi. Ta san aska takwas, ta san tambari, tun kafin ta iya rubuta sunanta. Sai ta fara haɗawa, ta ɗauko askar rigar mahaifinta ta naɗe ta da furanni da ganyayen mutanen nan, har ba ka gane inda Zariya ta ƙare inda Malesiya ta fara. Tana fara zanawa a littafi da fensir, sannan ta mayar kan yadi.

Wata rana Kak Nor ta ce za ta sa hotunan yadin a shafin shagonta na intanet, ta tambayi sunan da za a rubuta. Mahaifiyarki ta kawo mini maganar ina cin tuwo. Ta ce, "Malam, wai in ba ta sunana?" Ban ko ɗaga kai ba. Na ce matar aure ba ta baza sunanta a kasuwa, 'yan'uwanmu ɗalibai za su gani, a riƙa cewa matar Malam ta koma talla. Na ƙara da cewa aikin kirki ba ya bukatar suna. Ni da nake faɗar haka, sunana yana kan kowace takarda da na taɓa rubutawa, har da waɗanda ba wanda ya karanta. Ta ce "to", ta kwashe kwanuka. A shafin aka rubuta cewa aikin wata maƙwabciya ce 'yar Afirka.

Wannan shi ne kuskurena na farko, sauran duk 'ya'yansa ne. Don haka, Ummi, duk abin da hannunki ya yi, ki sa masa sunanki da kwanan wata, ko da lissafin cefane ne. Kunya adon mace ce, ban canja ra'ayi ba. Amma ɓoye suna a kan aiki ba kunya ba ce, buɗe wa ɓarawo ƙofa ne. In kin yi aure mijinki ya ce miki irin abin da na ce, ki nuna masa wannan takardar, ki ce wani ya riga shi gwadawa.

Bayan rasuwarta da shekara biyu, ina cikin jirgin ƙasa na MRT zan tafi aikina na koyarwa, wata baturiya ta shigo ta tsaya a gabana da doguwar riga. Na ga aska takwas naɗe da fure, ganyen na uku ya karkata hagu, daidai inda hannun mahaifiyarki yake karkatar da shi. Na ƙura wa rigar ido har matar ta tsargu ta matsa gefe. Na wuce tashata ban sani ba. Da kyar na yi ta maza na tambaye ta inda ta saya, ta faɗa mini sunan kamfanin, babban kamfanin tufafi ne a Amurka. Na duba shafinsu, ga zanen nan a riga, a labule, a rigar matashi, ba sunan kowa sai nasu.

Na dawo gida kina zaune kina karatu. Kika ce, "Baba, lafiya? You look pale." Na ce zafin rana ne. A ranar ya kamata in zaunar da ke in nuna miki. Na ce a raina yarinya ce, ga jarrabawa, ga rashin uwa, kada in ƙara mata nauyi. Kina da shekara ashirin da ɗaya a lokacin. Gaskiyar ita ce kunyarki nake ji, don in na fara ba ki labarin, dole in kai wurin da na ce kada a sa suna.

Na rubuta wa kamfanin sau uku. Amsa ɗaya suka ba ni, layi huɗu, wai zanen na gargajiya ne, ba shi da mai shi. Na nemi lauyoyi a can ta intanet. Wasu ba su amsa ba, wanda ya amsa ya faɗi abin da ya fi ƙarfina. Sai na karanta cewa a kotun tarayya ta Amurka, inda ake shari'ar haƙƙin mallaka, mutum yana iya shigar da ƙara da kansa ba tare da lauya ba, ko daga wata ƙasa, ta gidan waya. Nan girman kai ya tashi. Na ce ni da na rubuta kundin digiri na uku da Turanci, wace takarda ce za ta gagare ni? Akwai wani bawan Allah ɗan Katsina da yake karatun shari'a, muna haɗuwa a masallaci ran Juma'a. Da ya ji ƙishin-ƙishin ya ce, "Dakta, kawo in duba maka mana, dokarsu ba irin tamu ba ce." Na ce masa na gode, na riga na gama. Ban so ƙaramin ɗalibi ya ga inda na yi kuskure. Sai na bar lauyoyin kamfanin suka gani a madadinsa.

Ba zan gajiyar da ke da duk abin kunyar da na sha ba, amma ga kaɗan don ki yi dariya. Da na ji an ba wata alƙaliya ƙarar, na zauna na rubuta mata wasiƙa da hannuna, irin wadda za ka rubuta wa babba a gida. Na gaishe ta, na tambayi iyalinta, na yi mata addu'ar Allah ya ƙara girma, na ba ta labarin mahaifiyarki shafi shida. Magatakardan kotu ya sanar da ni cewa ba a rubuta wa alƙali a bayan idon abokin shari'a, ya sa wasiƙar a fayil inda kowa zai gani. Sammacin ma ni na aika musu da kaina daga gidan wayar unguwar nan, na dawo ina jin na yi aiki. Ashe mai ƙara ba ya miƙa sammaci da hannunsa, sai wani daban. Wata biyu suka tafi a kan wannan kaɗai. Kowace takarda tasu takan zo da sunayen lauyoyi huɗu a ƙasa. Tawa sunana ne shi kaɗai, da adireshin bene na goma sha ɗaya a Cheras. Ban taɓa ganin fuskar ko ɗayansu ba, ban taɓa jin muryar alƙaliyar ba. Shari'ar gaba ɗaya a kan teburin cin abincinmu aka yi ta, ni da takardu.

Ki riƙe wannan: ilminki na fanni ɗaya ba ya bin ki zuwa wani fanni. In kin shiga wurin da ba ki san ƙa'idarsa ba, asibiti ne, ofis ne, ko gidan surukai, ki nemi wanda ya sani, ko da ƙaninki ne. Kuma in wani ya ce kawo in duba miki, ki ba shi. Dariyar mutum ɗaya a harabar masallaci ta fi sauƙi a kan abin da na gani.

Na zo wurin da ya fi yi mini nauyin faɗa. Littattafan zanenta biyar suna cikin akwatinta. Da zan ɗauki hotonsu in haɗa da ƙarar, na buɗe na ga ba sunanta ko a shafi ɗaya. Ta bi maganata har a cikin littafin da ba mai gani. Na daɗe zaune a bakin gado. Sai na ɗauko biro shuɗi na bi shafi bayan shafi ina rubuta sunanta a ƙasan kowane zane. Wallahi, Ummi, ban yi don in yaudari kowa ba. Ji na yi kamar ina mayar mata da abin da na ƙwace. Kwana biyu ina yi, har yatsana ya yi kanta.

Lauyoyinsu ba su sha wahala ba. Suka ɗauko wasiƙar nan da na rubuta wa alƙaliya da hannuna, suka jera ta da hoton littattafan, suka ce a duba, hannu ɗaya ne, biro ɗaya ne. Suka ce wanda ya kawo ƙara shi ya rubuta shaidarsa da kansa. Na amsa da gaskiya cewa ni na rubuta, bayan rasuwarta. Gaskiyar ba ta gyara komai ba. Littattafai biyar da ta shafe shekaru tana cikawa, na ɓata ƙarfinsu cikin kwana biyu da nadamata.

Abin da na koya shi ne, in ka zalunci mutum yana raye, ba ka gyarawa da biro bayan ya tafi. Duk wanda kika san kin tauye, ki same shi tun yana iya amsa miki. Abin da ya zama shaida kuma, ki bar shi yadda kika same shi, kada tausayi ko fushi ya sa ki taɓa.

Wata uku da suka wuce hukunci ya zo. Alƙaliyar ba ta ma kai ga maganar ko sun kwafa ko ba su kwafa ba. A saman ƙarar na rubuta cewa ina ƙara a madadin marigayiya da magadanta. Ta ce wanda ba lauya ba kansa kaɗai yake iya tsaya wa, ba ya tsaya wa wasu. Ta ce kuma ban kawo wata takarda da ta nuna yadda haƙƙin ya fito daga hannun marigayiya ya shigo nawa ba. Ta kori ƙarar, amma ta bar ƙofa a buɗe, ana iya sake shigarwa in an gyara.

Na karanta sau uku. Abin da wata mata a can ƙarshen duniya ta gaya mini, tun ina makarantar allo da ta ilmi na san shi. Mace ta rasu ta bar miji da 'ya ɗaya da mahaifi: rubu'i na miji, rabi na 'yar, saura na mahaifin. Mun raba kayan ɗakinta da 'yan kunnenta a kan haka, ba a bar ko cokali ba. Amma zanen ban taɓa ƙirga shi cikin gado ba, domin tun tana raye ban ɗauke shi dukiya ba. Na shekara biyu ina faɗa a kan abin da kin fi ni rabo a ciki, ban taɓa neman izininki ba. Kakanki ma da aka ɗauko askar daga rigarsa bai san ana yi ba.

Kin tuna yadda kika ji labarin. Ranar da muke haɗa kayanki, kina neman jakar da za ki zuba takalma, kika jawo kwalin da ke ƙarƙashin teburin, takardun kotu suka zube. Kika tsuguna kina karantawa, ni ina tsaye da igiyar ɗaure kaya a hannu kamar wanda aka kama da sata. Kika ce, "Baba, wannan ne abin da kake yi duk weekend? Na ɗauka marking kake yi." Na ba ki labarin a tsaye, har da biro shuɗi. Kika shiga ɗakinki, na ji kina jan durowa, kika fito da littafi mai koren bango wanda ban taɓa gani ba.

Na shida ne. Ga zanen rigar baturiyar nan tun daga layin farko, shafi bayan shafi, inda ta goge, inda ta sake, har ganyen na uku ya karkata. A ƙasan kowane shafi ga sunanta da hannunta, da boko da ajami, ga kwanan wata. Na tambaye ki tun yaushe yake wurinki. Kika ce tun ranar da kika shiga jami'a a Bukit Jalil ta ba ki. Kika ce, "Ta ce in ajiye, kada Baba ya gani, zai ce ta cika son a sani." Na ce me ya sa ba ki taɓa nuna mini ba bayan rasuwarta? Kika dube ni kika ce da salon mutanen nan, "Ba ka taɓa tambaya ba lah, Baba."

Taku bakwai ne daga teburin zuwa ƙofar ɗakinki, na ƙirga bayan tafiyarki. Na aika takardu sun ƙetare teku sau ba adadi, ban iya yin taku bakwai ba. Na riƙa tausayin kaina cewa ni kaɗai ne a gaban lauyoyi huɗu, alhali ni na zaɓi kaɗaicin. Ke ma ke kaɗai kike a bayan wannan ƙofar, uwa ta tafi, uba ya kifa kai a kan takarda yana amsa miki da "uhm". Sau nawa kika ce mu sauka mu sha shayi na ce sai na gama wannan shafin? Ranar bikin kammala karatunki ina zaune a zauren, amma hankalina yana kan amsar da wa'adinta ya kusa cika. Wannan ya fi korar ƙarar yi mini ciwo. Ki yafe mini.

Kada ki gaji wannan hali nawa, don na ga alamarsa a tare da ke. Kin iya shiru, kin iya cewa "ba komai" fuskarki a sake. Kin riƙe littafin nan shekara biyar ba ki faɗa wa kowa ba. Riƙon amana ne, na yaba. Amma in wani abu ya dame ki a can, ki faɗa wa na kusa da ke tun yana ƙarami. Kada ki yanke wa mutum hukuncin cewa ba zai iya ɗauka ba, ki bari shi ya faɗa da bakinsa.

Yanzu ga abin da ya rage. Dokarsu ta ba da shekara uku daga lokacin da aka gano an kwafa, mun ci fiye da biyu. Na je na sami ɗan Katsinan nan ran Juma'ar da ta wuce, na miƙa masa kwalin gaba ɗaya. Bai yi dariya ba, Allah ya saka masa. Ya ce akwai jami'o'i a can da ɗaliban shari'a da malamansu ke taimaka wa irinmu, zai rubuta musu, amma bai yi alkawarin za su karɓa ba, kuma ko sun karɓa ba a san yadda za ta kaya ba. Ya ce kafin komai sai an fitar da takardar gado daga kotu, magada duka su yarda, kowa ya sa hannu.

Don haka ki zauna da kakanki, ki buɗe masa koren littafin. Idonsa ya yi rauni, ki kai shi bakin ƙofar zaure inda haske yake, ki bar shi ya shafa. Zai gane askarsa. Ki gaya masa komai da Hausarki mai ɗingishi, kada ki rage laifina don ki rufa mini asiri. In kun ce a ci gaba, zan sa hannu a ƙasan naku, in yi abin da aka ce in yi. In kun ce a bar wa Allah, na bari, ba zan sake tayar da maganar ba. Rabo mafi girma naki ne, maganar ma taki ce. Abu ɗaya nake roƙo: in za a nemi wani abu a wurin mutanen nan, a fara da sunanta a kan yadin. Littafin kuma kada ki ba kowa asalinsa, kada ki bar shi inda damina za ta taɓa shi, kada ki rubuta komai a ciki.

Na ga abin da kika bari. Sai da na dawo daga filin jirgi na lura da hoton shafin farko na koren littafin da kika manna a ƙofar firji. Kullum da safe in na zo ɗaukar madara sai na tsaya. Shekara ashirin da uku muna tare, Maman Ummi nake ce mata, mutane ma haka, har na kusa manta tana da wani suna kafin ni da ke. Yanzu ina karanta shi da ƙarfi a kicin, ba mai ji sai ni: Binta Isiyaku. Ta iya rubuta shi da kyau, Ummi. Ta ja wutsiyar harafin ƙarshe kamar ganye.

Allah ya jiƙanta, ya haskaka kabarinta, ya yafe mini abin da na tauye mata. Ke kuma Allah ya tsare gabanki da bayanki, ya kai ki inda aka tura ki lafiya, ya dawo da ke lafiya, ya sa kada ki taɓa rasa wanda za ki ƙwanƙwasa wa ƙofa. Ki riƙe salla a kan lokaci, ki riƙa shan maganin sauro. In kin kira, kada ki bar ni in tsaya a kan ko kin ci abinci. Ki ce, "Baba, tambaye ni wani abu." Zan koya.

Wassalam.

Mahaifinki